Rubutu uku, hawan jini da guruf mai jiran ci gaba

Wata malamar sakandare da ke zaune a Samaru, nan Zariya, uwar yara uku, ta aiko mini da wannan tambaya. Na ɗan taƙaita ta:

"Anti, ina da labarin da nake saki kullum a guruf ɗin WhatsApp na kuɗi. Ina karɓar aikin fassara jefi-jefi. Sannan akwai littafin da raina ya fi so, labarin kakata mai ɗinkin riguna a cikin birni, shekara biyu ke nan yana babi na huɗu. Sai yara sun yi barci nake rubutu, a waya, har ɗaya ko biyun dare. An auna ni an ce jinina ya fara hawa, ga ciwon wuya da na baya. Na daina zuwa biki, kitso sai ya tsufa a kaina, in na zauna hira kuma sai in ji kamar sata nake yi. Yaya ake haɗa duk waɗannan?"

Ƙanwata, ba a haɗa su. Taura biyu ba ta taunuwa, balle uku, ga alli a hannu da safe ga muciya da yamma. Jera su ake yi, wani ya jira wani.

Na haura shekara ashirin ina rubuta nawa ina gyara na mutane, kuma har yau ban ga wadda ta yanka yininta gida-gida, awa kaza ta littafi, awa kaza ta motsa jiki, awa kaza ta nishaɗi, ta yi wata biyu a kai ba. A takarda abin gwanin sha'awa. Ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi, ko aka yi rasuwa a dangin maigida aka kwana uku ana zaman makoki, shi ke nan jadawali ya wargaje, sai a ɗora jin haushin kai a kan gajiyar da ake fama da ita. Yini ɗaya ya yi ƙanƙanta a auna wannan aiki da shi. Da zangon karatu ake aunawa, da damina da rani.

Manoman da ke kewaye da mu, daga Giwa har Soba, sun daɗe da sanin haka. Akwai gandu, akwai gayauna. Gandu babbar gonar gida ce, ita ake ba ƙarfin safiya. Gayauna 'yar gonar mutum ce ta ƙashin kansa, sai an tashi daga gandu ake leƙa ta, ko ranar da ba a fita. Ba a raina gayauna, daga ita ake samun kuɗin zane da na goro. Amma babu mai gandu uku. Ke kuwa kin mayar da ayyukanki duka uku gandu, shi ya sa kike noma da dare.

A nan garin muna da wani misali da ake yawan kawowa a juye. Za ki ji an ce Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku cur, cikin wata shida a Zariya a 1936, don haka mu 'yan yanzu raggaye ne. Ya rubuta ɗin, ba musu. Abin da ba a ƙarasa faɗa shi ne malamin Midil ne a Katsina, aka ɗauke shi daga aji aka kawo shi Hukumar Talifi, aka ce ga aikinka, ba ka da wani. Ba makin ɗin jarrabawa, ba tuƙin tuwo, ba masu aiko saƙo tsakar dare suna tambayar ci gaba. Baiwarsa tasa ce, amma wata shidan nan share masa su aka yi. Ke ba wanda zai share miki, sai dai ki share wa kanki minti arba'in.

To wanne ne gandu? A ganina, a yanzu labarin guruf ne, ko da ba shi ne ranki ya fi so ba. Mutane sun biya, ya zama bashi, kuma bashi ake fara saukewa. Sai dai akwai kalma ɗaya a cikin tambayarki da ita ce ciwon, ita ce "kullum". An biya ki sau ɗaya, ke kuma kin ɗaure kanki da aikin kowane dare ba ranar gamawa. Na gyara irin waɗannan labarai da dama da masu su suka so mayarwa littafi, kuma ina iya nuna miki da yatsa daren da marubuciya ta gaji. Nan ne za a ci shafi uku ana kwatanta leshin amarya da turarenta, ko a sake tura kishiya wurin boka karo na huɗu. Ba don labarin na bukata ba, don dai kada a wayi gari ba a saki komai ba. Masu karatu suna ganewa. Waɗanda suka fi matsa miki a kan "yau shiru" su ne za su fara cewa labarin ya yi ja.

Abin da zan yi da ni ce ke: in ɗauki hutun mako biyu da sanarwa, in zauna da takarda in rubuta yadda labarin zai ƙare, in ƙirga fitowa nawa suka rage tsakani da Allah, in yanke adadi in tsaya a kansa. Cikin mako biyun in rubuta fitowa shida in ajiye, wato rumbu. Daga nan saki sau uku a mako, a ranakun da kowa ya sani. Mai rumbu ba ta rubutu da fargaba. Ranar da aka ɗauke wuta waya ta mutu, ko ranar da kanki ke sarawa, ɗiba kawai za ki yi ki zuba musu. In wannan labari ya ƙare kuwa, kada ki buɗe sabo, komai daɗin bakin masu cewa "Anti sai yaushe", sai littafin kakarki ya kai ƙarshe ko da a gurguje ne. Lokacin ne shi zai zama gandu.

Ki duba lissafin, don tsoron littafi yawanci rashin lissafi ne. Kalma 500 a rana, kwana biyar a mako, 2,500 ke nan. Mako goma sha biyu ya ba ki 30,000. Zango biyu na karatu, kin tara 60,000, cikakken littafi. Kuma a cikin lissafin nan ban sa makon jarrabawa da makin ba, don na san ba za ki rubuta komai ba a lokacin, kada ma ki gwada. Ban sa watan azumi ba. Dogon hutun Agusta kuwa ki ajiye shi don gyara, don gyara ya fi son a zauna masa na dogon lokaci a ga littafin gaba ɗaya.

Kafin nan, littafin kakarki yana da wani aiki da ba zai jira ba. Tsofaffin da suka yi zamani da ita, waɗanda suka san bambancin adon rigar da ake kira aska biyu da wanda ake kira aska takwas da hannunsu, suka san wata nawa malum-malum ke ci kafin a kai ta wurin mabuga, suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. Wannan ce gayaunarki. Asabar ɗaya a wata ki shiga birni da goronki da sabulu, ki gaida su, ki nemi izini ki kunna rikoda a waya, ki bar su su yi ta zuba. Kada ki rubuta komai tukuna. Ki dai tura muryoyin zuwa imel ɗinki ko Google Drive a ranar, don waya ba ta sallama in za ta ɓata.

Fassara kuma, ki bar ta a matsayin aikin kuɗi zalla, ki yi mata ciniki irin na kasuwar Sabon Gari. Ki fassara shafi ɗaya da agogo a gabanki don ki san awa nawa aikin zai ci, sannan ki yanke farashi. Kada ki fara sai an ba da kafin alƙalami, rabin kuɗi. Duk wanda ya ce miki "gaggawa ce, jibi ake so", to gaggawar tasa ce, ya biya kuɗinta ko ya nemi wata.

Wannan da jikina na koye shi. Ina da shekara arba'in da biyu wani kamfani ya kawo mini tulin takardu, wai mako uku ake so. Na karɓa ba kafin alƙalami, don sunansu babba ne. Na yi kwana goma sha tara ina kwanciya ƙarfe uku, ga fulas ɗin shayi ga goro a gefe, ni da a da ko ɓarin goro ba na iya ci. Wata safiya na tsaya a wani kemis sayen maganin ciwon kai, yaron shagon ya dube ni ya ce, "Hajiya, bari in ɗan auna ki." Ya naɗa mini abin a dantse, ya yi shiru, ya sake aunawa. 160 bisa 100. Ya ce, "Don Allah daga nan asibiti za ki wuce, ba gida ba." Na miƙa aikin a kan lokaci. Kuɗin sai bayan wata bakwai suka fito, bayan na gaji da sintiri. Ƙwayar da aka ɗora ni a kai kuwa har yau ina shan ta kowace safiya.

Don haka ki yi haƙuri in daɗe a kan maganar jini. "Ya fara hawa" ba lamba ba ce. Ki san lambarki kamar yadda kika san lambar wayarki. Ana cewa mutum na da hawan jini ne idan an auna a ranaku biyu daban aka samu na sama ya kai 140 ko na ƙasa ya kai 90. A auna ki kina zaune kin huta minti biyar, bayanki a jingine, hannu a ɗore daidai ƙirji, ba kin sauko daga napep kina haki ba, ba kuma bayan kin sha shayi ba. Ki samu ƙaramin littafi ki riƙa rubuta kwanan wata da abin da aka samu, ki tafi da shi wurin likita. Mugun halin wannan ciwo shi ne yawanci ba ya nuna alama, mutum na jin garau yana cin ƙoda da zuciya da jijiyoyin ƙwaƙwalwa a ɓoye. Idan an ɗora ki a kan magani, saukar lamba ba warkewa ba ce, aikin maganin ne, kada ki ajiye shi don kin ji sauƙi ko don wata a guruf ta ce zoɓo da tafarnuwa sun ishe ki. In kuwa ya taɓa kaiwa 180 bisa 120, ko kika ji matsanancin ciwon kai da dishi-dishin gani, ko ciwon ƙirji, ko sashen jiki ya yi nauyi, wannan ba na jiran gobe ba ne.

Akwai abu biyu da marubuta ke yi wa kansu da ke ƙara hura wutar. Na farko haɗin maganin gajiya na kemis, wanda ake ƙulla ƙwayoyi huɗu ko biyar a leda. Sau da yawa akwai irin su ibuprofen ko diclofenac a ciki, waɗanda in an daɗe ana sha suna ɗaga jini, suna taɓa ƙoda, suna kawo gyambon ciki. Na biyu gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a yini, kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma a ciki har da wanda ke cikin dunƙule da garin taliyar yara da yajin tsire. Ki rage dunƙule a hankali ki ƙara daddawa da citta da albasa, cikin 'yan makonni harshe zai saba, ko maigida ba zai lura ba in ba ki yi shela ba. Ki sa ido kan kanwa ma, don 'yar'uwar gishiri ce. A nan Zariya ne likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) suka yi nazari a shekarun 1970 kan yawan ciwon zuciya da ke kama mata bayan haihuwa, suka danganta shi da kunun kanwa da zafin wankan jego da kwanciya a gadon wuta. Tsohuwar magana ce a garin nan, amma har yanzu ana zuba kanwa a wake kamar ba gobe.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan barci. Kina kwanciya biyu kina tashi biyar, awa uku ke nan, alhali babba na bukatar bakwai ko fiye. Jinin mai lafiya yakan sauka da dare lokacin barci, jijiyoyi su huta. Ke kin hana naki wannan hutun shekara da shekaru. Rubutun dare yana da daɗi, na sani, gida shiru, ba mai kiran Umma. Amma rance ne kike ci daga gobe, kuma mai bin bashin ba ya yafewa. Shayin da kike sha ƙarfe goma don ki farka, kusan rabin sinadarin da ke hana barci a cikinsa na nan a jikinki har wajen ƙarfe uku. Haka goro, haka lemon ƙara kuzari. Bayan la'asar ki bar su.

Ki juya yinin. Ki kwanta kafin goma, ki tashi biyar saura. Bayan sallar asuba, kafin ki tashi yara, minti arba'in naki ne. Na san safiyar uwa ba fili ba ce, don haka da dare ake sayen ta: a goge yunifom, a haɗa jakunkuna, a tanadi abin kari, babban cikin yaran ya san aikinsa. Ki zauna da maigida ki faɗa masa lambar jinin da bakinki, ki nuna masa littafin awon. Maza da yawa ba sa jin "na gaji", amma suna jin lamba. In asubar ta gagara, to lokacin da ba ki da darasi a makaranta, ki bar ɗakin malamai da hirarsa ki nemi aji marar kowa. Data a kashe. Minti arba'in da data a kunne minti goma ne.

Ga wata dabara da ta fi mini kowace amfani. Kada ki tashi daga rubutu sai kin bar layi ɗaya da ke faɗin abin da zai faru gaba, ko da "ta shiga ɗakin ta tarar an kwashe keken ɗinkin" ne kawai. Iyayenmu kan rufe garwashi da toka da dare don kada a je ɗibar wuta maƙwabta da safe. Da kin zauna sai ki tone, ki hura, ba sai kin ɓata rabin lokacin kina kallon allon waya ba.

Sai tafiya. Abin da ake so ga babba shi ne aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, wato minti 30 sau biyar, da saurin da za ki iya magana amma ba za ki iya rera waƙa ba. Ba sai kin sayi komai ba in ban da takalmi marar tsini. Ke da ke Samaru ma kin fi ni gata, ga titunan cikin jami'a da inuwar bishiyoyi, kuma ba wanda zai kalle ki don an saba ganin masu zagaye. In lokaci ya ƙi, ki sauka daga napep tun da sauran tafiyar minti goma sha biyar zuwa makaranta, ki maimaita a dawowa. An biya bashin ke nan.

Ni daga Tudun Wada nake takawa zuwa Ƙofar Doka in dawo. Makon farko na sha tambaya. Wata maƙwabciya ta tare ni da salati, "Hajiya lafiya? Ko motar ce ta lalace?" Wani mai napep ya bi ni a hankali yana cewa ko ba kuɗi zai kai ni. Yanzu mu uku muke fita, har da mai salatin. Da hunturu mukan fito hanci a rufe saboda ƙura, mu tarar mai ƙosai tana fama da ɗanyen ice hayaƙi na shiga mata ido, almajirai sun kewaye wutar kara sun miƙa tafukan hannu, ana sauke daman rake daga mota. Da bazara sai mun yi sammako sosai, da gorar ruwa. Ban taɓa fita da niyyar neman labari ba, amma yawancin ƙullin da ya gagare ni a kan tebur a hanyar nan yake kwancewa.

Ciwon wuya da baya kuwa ba asiri ba ne, waya ce. Kina kwance ko kin duƙa, kai a sunkuye awa uku, manyan yatsu biyu na aikin yatsu goma. Ki sayi ƙaramin kibod mai haɗuwa da waya ta Bluetooth, ki jingina wayar a kan tulin littattafai daidai idonki, ki zauna a kujera ƙafa a ƙasa. Duk rabin awa ki miƙe ko da zuwa randa ne. Ido kuma, duk minti 20 ki ɗaga ki kalli abu mai nisan kamar mita shida na daƙiƙa 20. In kin doshi arba'in kika ga sai kin nisantar da waya kike ganin rubutu, shekaru ne, a gwada ki a ba ki gilashi, ba abin kunya ba ne. Ciwon bayan da ke sauka ƙafa da dindiris ko rashin ƙarfi shi ne wanda ba a yi wa jinkiri, a kai shi asibiti.

Yanzu maganar da ta fi taɓa ni a saƙonki, wai in kin zauna hira sai ki ji kamar sata kike yi. Satar me, daga wa? Kin san labarin Salmanul Farisi da Abud Darda'i. Salmanu ya ziyarce shi ya tarar yana azumi kullum yana tsayuwar dare, iyalinsa a yamutse, sai ya sa shi ya ci abinci ya kwanta, ya gaya masa Ubangijinsa na da haƙƙi a kansa, ransa na da haƙƙi, iyalinsa na da haƙƙi, ya ba kowa nasa. Da maganar ta je ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gaskata Salmanu. In an faɗi haka a kan nafila, ina ga labarin guruf?

Za ki ji wasu marubuta na cewa a je biki don a samo labari, a zauna wurin kitso don a ji yadda mata ke magana. Akwai gaskiya a ciki. Wadda ta shekara biyu ba ta zauna cikin mutane ba, jarumanta duk murya ɗaya suke yi, muryar guruf. Amma ni ba na son wannan hujja, don ta sake mayar da jin daɗi ɗan aiken rubutu. Ki je bikin don ƙawarki ce ke aurar da 'ya. Ki ba da kanki a yi miki shuku don kina son ganin kanki a madubi. Ya kamata a ce akwai abu ko ɗaya a makonki da ba ya haifar da kalma ko kwabo, ba kuma lada ba ne na kin cika kalma 500. Ranar da ba ki rubuta komai ba ma kin cancanci shan kunun aya mai sanyi.

Nawa ƙanana ne har ina jin nauyin faɗa. Ina da tukwane huɗu a bayan ɗaki, na'a-na'a da ɗoɗɗoya da barkono da wata fulawa da ban dasa ba ta fito da kanta, ina ba su ruwa bayan la'asar ina yi musu faɗa. Ranar Juma'a ina yin faten tsaki da rama da yakuwa da gyaɗa, Kanawa su yi ta tsokanarmu da shi, ba su san abin da suka rasa ba, kuma ga mai hawan jini ya fi soye-soye nesa ba kusa ba in an kama hannu da gishiri. Ranar ba na buɗe kwamfuta ko wa ya mutu. Da sallah ina zuwa kallon hawa ƙofar fada in tsaya cikin rana kamar yarinya, in dawo da ciwon ƙafa. In mangwaro ya nuna, ina zama a tabarma da bokitin ruwa in sha har ya gangaro gwiwar hannu. Ba ɗaya daga cikinsu da ya taɓa shiga littafina.

Ki zaɓi naki biyu ki sa musu rana, don abin da ba shi da rana aiki ne ke cinye shi. Kuma ki yi tsammanin makon da komai zai rushe, zai zo, wataƙila ma na uku. In ya zo, kada ki rama da dare. Ki bar abin da ya wuce, Litinin ki tone garwashinki.

Abin da ya rage shi ne saƙon da za ki tura guruf, don na san shi ne kike jin tsoro. Kada ki yi dogon bayani, kada ki roƙi gafara sau biyar. Wani abu kamar haka ya isa:

"Assalamu alaikum 'yan'uwa. Saboda dalilin lafiya zan dakata na mako biyu. In Allah ya kai mu zan dawo ranar kaza, daga nan labari zai riƙa zuwa Litinin, Laraba da Asabar da ƙarfe takwas na dare har mu gama. Saura fitowa kaza. Na gode da haƙurinku, a sa ni a addu'a."

Mafi yawa za su ce Allah ya ƙara lafiya. Biyu ko uku za su yi habaici, wata ma ta biyo ki ta bayan fage ta ce a mayar mata da kuɗinta. Ki mayar mata ba jayayya, ki cire ta daga guruf, ki kashe data, ki kwanta kafin goma.